Kwalta Mai Shan Ruwa a Manyan Hanyoyi: Abin da Take Iyawa da Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

Akwai wani gajeren bidiyo da kamfanin Tarmac na Ingila ya fitar a shekarar 2015, wanda har yanzu yakan sake zagayowa a wayoyin jama'a idan damina ta kankama. A cikinsa wata babbar mota tana juye ruwa lita 4,000 a filin ajiye motoci, daɓen kuma yana shanye shi cikin kusan minti ɗaya, ba a bar ko ɗan kududdufi ba. Kusan duk wanda ya kalla tambaya ɗaya yake yi: tunda akwai irin wannan fasaha, me ya hana a shimfiɗa ta a manyan hanyoyi a huta da ambaliya? Tambayar tana da ma'ana, kuma an fi shekara talatin ana shimfiɗa kwalta mai shan ruwa a manyan hanyoyin wasu ƙasashe. Sai dai wadda ake sa wa babbar hanya daban take da daɓen da ke cikin bidiyon, aikinta ma daban ne, kuma a ganina rashin bambance su shi ke sa a ɗora mata burin da ba za ta iya cikawa ba.

Ya kamata a fara sanin yawan ruwan da ake magana a kansa. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Idan aka ɗauki kilomita ɗaya na tagwayen hanya wadda faɗin kwaltarta duka, har da gefuna, ya kai mita 25, aka kuma yi ruwa milimita 40 da yammaci ɗaya, to wannan kilomita kaɗai ta karɓi lita miliyan ɗaya, wato cikin tankar mai kusan talatin irin mai ɗaukar lita 33,000. Da a gona ko a daji ya sauka, ƙasa da ciyawa za su riƙe kaso mai yawa, sauran ya gangara a hankali. Ita kuwa kwalta ta yau da kullum an yi ta ne musamman don kada ruwa ya shige ta, saboda haka kusan dukan ruwan yakan bar titi cikin 'yan mintoci, ya taru a lambatu da kwalbati, ya fito da ƙarfi ta baki ɗaya, a nan ne kuma yakan fara cin ƙasa har wurin ya zama kwazazzabo.

Kuma ba da tsabtarsa yake barin titin ba. Taya tana gogewa tana barin baƙar ƙura mai ɗauke da sinadarin zink, birki yana barin garin jan ƙarfe, injina suna ɗigar da baƙin mai, duk waɗannan suna kwance a kan kwalta har ruwan farko ya zo ya kwashe su zuwa rafi. A ƙarshen shekarar 2020 masu bincike na Jami'ar Washington a Amurka sun gano dalilin da ya sa wani nau'in kifin salmon da ake kira coho yake mutuwa a rafukan da ke kewayen birnin Seattle bayan an yi ruwa. Wani sinadari ne mai suna 6PPD da ake sa wa taya don kada ta tsattsage, wanda idan ya haɗu da iska yake rikiɗa ya zama guba ga kifin. Don haka injiniyan da ke tunanin ruwan babbar hanya matsala biyu ke gabansa, yawan ruwan da kuma abin da ya ɗauko.

Yadda ake haɗa kwaltar ba wani abin sihiri ba ne. Kwalta ta yau da kullum haɗin tsakuwa ce manya da ƙanana, da yashi, da garin dutse, da baƙin danƙon da ake samu daga ɗanyen mai. Ƙananan suna cike gibin da ke tsakanin manyan, har iskar da ta rage a ciki ba ta wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba. A wajen haɗa mai shan ruwa sai a rage yashi da ƙananan tsakuwa sosai, a bar manyan suna dafe da juna, kafofin da ke tsakaninsu su kai kusan kashi 20 cikin 100, kuma a haɗe suke, ruwa na iya bi daga wannan zuwa waccan. Na taɓa riƙe guntun da aka yanko daga irin wannan titi da injin huda, mai siffar gwangwani. Kamanninsa kamar kantun gyaɗa, tsakuwa kowace a lulluɓe da baƙin danƙo, ana ganin ramuka tsakaninsu. Da aka tsiyaya masa ruwa daga kofi, kafin kofin ya ƙare ruwan ya riga ya fara zuba ta ƙasa. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bakin guntun, inda tsakuwa ɗaya ta ɓalle da na matsa ta da babban yatsa, domin abin da ke riƙe da ita ɗan danƙon da ke wuraren da ta taɓa maƙwabtanta ne kawai. Amfanin wannan kwalta da rauninta duk daga wuri ɗaya suka fito.

Hanya biyu ake bi wajen amfani da ita. Ta farko ita ce a bar titin duka a buɗe tun daga sama har ƙasa, ruwa ya ratsa kwalta, ya shiga shimfiɗar manyan duwatsu da ke ƙarƙashi, ya zauna a can har ƙasa ta tsotse shi. Irin wannan ce aka fi yi a filayen ajiye motoci da hanyoyin masu tafiya da ƙafa. Ta biyu ita ce a gina titi yadda aka saba, a toshe shi ruf, sannan a ɗora masa siririyar shimfiɗa mai kafofi a sama. Kusan duk inda aka ji an ce babbar hanya tana da kwalta mai shan ruwa, ta biyun ake nufi.

Ƙasar da ta fi kowace nisa a wannan fanni ita ce Holan, inda suke kiran kwaltar ZOAB, kuma hukumar Rijkswaterstaat mai kula da manyan hanyoyi da madatsun ruwa ta shimfiɗa ta a sama da kashi 90 cikin 100 na manyan hanyoyin ƙasar. Kaurin shimfiɗar santimita 5 ne. Ruwa yana shiga wannan santimita biyar, ya tarar da kwaltar ƙasa a toshe, sai ya bi ɗan karkacen da aka yi wa titin ya gangara ta cikin shimfiɗar zuwa gefe, ya fita cikin ciyawar bakin hanya. Abin mamaki shi ne ba ruwa ne babban dalilin da ya sa suka rungume ta ba. A shekarar 1988 an ɗaga iyakar gudu a manyan hanyoyin ƙasar daga kilomita 100 zuwa 120 a awa ɗaya, ƙasar kuma ƙarama ce mai cunkoson jama'a, gidaje suna daf da hanya, ƙarar tayoyi za ta ƙaru. Kafofin kwaltar suna haɗiye ƙara da kimanin desibel 3 zuwa 4 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), daga baya kuma aka fito da mai hawa biyu, ƙananan tsakuwa a sama manya a ƙasa, wadda ta fi rage ƙarar.

Wani ɗan lissafi zai nuna iyakar abin da wannan shimfiɗa za ta iya riƙewa. Kashi ɗaya bisa biyar na santimita 5 santimita ɗaya ne, wato ruwa milimita 10. Yayyafi da ruwa matsakaici tana iya shanye su, wani ma ya bushe a ciki bai kai gefe ba. Amma idan aka yi milimita 40 ɗin nan kamar da bakin ƙwarya, abin da za ta iya shi ne ta ɗan jinkirta shi, ta rage masa kaifi, sauran kuwa dole ya fita ta gefe ya nemi magudana kamar kullum. Wanda ya shimfiɗa ta ya ce ya huta da gina kwalbati ya yaudari kansa.

Inda ta ba da mamaki da gaske shi ne tsabtar ruwan da ke fitowa daga cikinta. Wani bincike da aka buga a Holan a 1999 ya nuna ruwan da ke sauka daga hanyoyi masu wannan shimfiɗa ya fi na sauran hanyoyi tsabta nesa ba kusa ba. Daga baya Michael Barrett da abokan aikinsa na Jami'ar Teksas a Amurka suka auna ruwan hanyar Loop 360 a birnin Austin kafin a ɗora mata shimfiɗar da bayan an ɗora, suka tarar dattin da ke yawo cikin ruwa ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, ƙarafan da ke manne da dattin su ma suka ragu sosai. Dalili biyu ake bayarwa. Na farko a bayyane yake, kafofin suna tace ruwa. Na biyun ya fi ban sha'awa: a titin da ruwa ke kwanciya, tayoyi suna fesa shi da ƙarfi zuwa ƙarƙashin motoci, wato kowace mota ana wanke mata ciki tana tafe, dauɗar kuma tana zubowa kan titi, idan babu ruwa a saman kwalta babu wannan wankin. Wannan sakamako yana da muhimmanci a yankin Austin da San Antonio, domin ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa a can, wanda ake kira Edwards, shi mutanen San Antonio suka dogara da shi wajen sha, doka kuma ta tilasta a tace ruwan titi kafin ya kai gare shi. Hanyar da aka saba bi ita ce a haƙa tafkin tacewa a gefen hanya, wanda ke bukatar fili, fili kuwa a cikin birni kuɗi ne mai yawa. Shimfiɗar ba ta bukatar ko taku ɗaya na ƙarin fili, kuma ni a nan nake ganin babbar darajarta. Abin da ya narke cikin ruwa dai, kamar gishiri, yana wucewa abinsa.

To amma dattin da aka tace bai tafi ko'ina ba, yana nan cikin kafofin, kuma a nan gizo ke saƙar. A layin da motoci ke gudu sosai, taya tana danna ruwa cikin kafofin sannan ta zuƙo shi yayin da take wucewa, wannan kai da komo yana wanke su. A gefen da motoci ba sa bi sai wadda ta lalace, babu mai yin wannan aiki, gefen kuma shi ne ƙofar da ruwan dukan titin zai fita ta cikinta. Idan ya toshe, ruwa ya rasa mafita ya dawo saman kwalta. Shi ya sa a Holan ake da motoci na musamman da ke bin gefen hanya suna fesa ruwa da matsi mai ƙarfi suna zuƙe taɓon da ya fito, a kwashe shi a matsayin shara mai guba. Wannan dalili ne kuma ya sa ba a cika shimfiɗa ta a cikin gari ba, inda gudu kaɗan ne, ko a mahaɗa da shataletale inda manyan motoci ke murɗa taya suna ɓalle tsakuwa, ko a inda taraktoci ke hawowa titi da lakar gona.

Ba ta kuma da tsawon rai kamar kwalta ta yau da kullum. Iska da ruwa suna shiga cikinta ko'ina, danƙon yana saurin tsufa ya bushe ya yi tauri, tsakuwa ta fara ɓallewa ɗaya bayan ɗaya tana fasa gilasan motoci, da zarar ta fara kuwa lalacewar ba ta jira. A Holan layin dama da manyan motoci ke bi yakan yi kimanin shekara 11 kafin a sabunta shi, sauran layukan su kai wajen 17. Jihohin Amurka da dama sun shimfiɗa irinta a shekarun 1970, suka watsar da ita a shekarun 1980 saboda wannan ɓallewa, sai da aka fara ƙarfafa danƙon da roba da zaruruwa sannan wasu suka dawo mata. A Jami'ar Delft ta Holan, Erik Schlangen ya gwada wata dabara ta zuba siraran zaruruwan ƙarfe cikin haɗin, ta yadda za a iya bi da inji a ɗumama ƙarfen, danƙon ya narke kaɗan ya haɗe tsagin da ya fara, an kuma shimfiɗa gwajin a hanyar A58 kusa da Vlissingen a 2010. A ƙasashen sanyi akwai ƙarin wahala, domin saman wannan kwalta yana saurin daskarewa kuma yana cin gishirin narkar da ƙanƙara fiye da sauran.

Game da haɗari, direban da ya taɓa bin bayan tirela cikin ruwan sama ya san yadda feshin tayoyinta ke rufe gilashi har waifa ta kasa. A kan wannan kwalta feshin yana raguwa ƙwarai, fitilu ba sa ƙyalli a kan titi da dare, taya kuma ba ta hawa kan ruwa ta rabu da ƙasa. Japan ta mayar da ita shimfiɗar da ake sa wa manyan hanyoyinta tun 1998 musamman saboda wannan. Sai dai lokacin da Rune Elvik na ƙasar Norwe da abokin aikinsa suka tattara binciken da aka yi a kan lamarin a 2005, ba su sami hujja ƙarara cewa haɗura sun ragu ba, ɗaya daga cikin dalilan da ake kawowa kuwa shi ne direban da ke gani sosai ba ya rage gudu don ana ruwa. Halin ɗan Adam ke nan. A Holan har allo ake kafawa a inda aka yi sabuwar shimfiɗa ana gargaɗin cewa birki zai ɗauki tazara mai tsawo, saboda danƙon da ke saman tsakuwa bai goge ba tukuna.

Ita kuwa hanya ta farko, wadda ruwa ke ratsa titi har ƙasa, ita ce ke iya haɗiye ruwa mai yawa. An fara tsara ta a Cibiyar Franklin da ke Filadelfiya ta Amurka a farkon shekarun 1970. Shimfiɗar duwatsun da ke ƙarƙashinta kusan kashi 40 cikin 100 nata fili ne, don haka mai kaurin rabin mita tana iya ajiye ruwa milimita 200. An gwada ta a hanyoyi masu zirga-zirga: hukumar sufuri ta jihar Arizona ta gina tsawon ƙafa 3,500, wato kilomita ɗaya da ɗoriya, a hanyar jiha mai lamba 87 a garin Chandler a 1986, jihar Maine kuma ta yi haka a titin Maine Mall da ke South Portland a 2009 don kare wani rafi mai suna Long Creek. Gwaje-gwajen sun nuna abin yana yiwuwa, amma bai yaɗu ba, kuma dalilin a fili yake ga duk wanda ya san aikin hanya. Ƙarfin titi yana kan ƙasar da ke ƙarƙashinsa, jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa ba ta ɗaukar nauyi. Gwajin da aka yi a garin Ottawa na jihar Illinois daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyin mota ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa titi tana ninkawa kusan sau goma sha shida. Tura ruwa da gangan ƙarƙashin layin da tireloli ke bi ya saɓa wa darasin farko da ake koya wa injiniyan hanya. Ana bukatar ƙasa mai yashi da ke shan ruwa da sauri, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya kasance da nisa, ga kuma fargabar ranar da tankar mai za ta kife, domin man zai narkar da danƙon ya kuma bi kafofin kai tsaye zuwa ruwan da ake haƙa rijiya a kansa. Shi ya sa masu bincike a Kalifoniya suka fi karkata ga matsakaiciyar hanya, a bar layukan motoci a toshe, a mayar da gefen hanya kaɗai mai shan ruwa har ƙasa.

Ko wannan ma yana da iyaka. Ƙasar Sin ta fara wani babban shiri a 2015 na mayar da birane masu tsotse ruwan sama, daɓe mai kafofi kuma yana cikin kayan aikinsa. Amma ranar 20 ga Yulin 2021 birnin Zhengzhou ya sami ruwa sama da milimita 200 cikin awa ɗaya, ya cika hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da motoci a ciki. Babu daɓen da aka tsara don irin wannan rana.

Idan na juyo da tunanin zuwa hanyoyinmu na arewa, kamar ta Kaduna zuwa Kano ko ta Kano zuwa Maiduguri, ba ruwan ne ya fi damuna ba, ranin ne. Jimillar ruwan da Holan ke samu a shekara ba ta yi wa ta Kano nisa sosai ba, amma nasu a warwatse yake cikin wata goma sha biyu, yana wanke kafofin a kai a kai, namu kuwa yana sauka ne cikin wata huɗu ko biyar, sauran watannin ƙurar hunturu da rairayin da iska ke kwasowa ne ke sauka a kan kwalta, babu ɗigon da zai motsa su. Ga motoci da ke sauka gefen ƙasa su sake hawowa da jar ƙasa a taya, ga lodin da ya wuce ƙa'ida, ga zafin da ke saurin tsofar da danƙo. A wasu sassan Borno da Adamawa kuma akwai baƙar lakar nan mai kumbura idan ta jiƙe ta tsage idan ta bushe, wadda kai mata ruwa ƙarƙashin titi neman fitina ne. Ban ga yadda kwalliya za ta biya kuɗin sabulu ba idan aka shimfiɗa ta a irin waɗannan hanyoyi alhali ba a sa kuɗin motar zuƙe datti da na sabuntawa bayan shekara goma cikin kasafin tun farko ba.

Inda nake ganin ya dace a gwada daɓe mai shan ruwa shi ne harabobin makarantu da ofisoshi da filayen ajiye ƙananan motoci, musamman tunda mun riga mun saba da daɓen intalok. Idan aka shimfiɗa shi a kan tsakuwa wankakkiya, aka cike tsakanin tubalan da ƙananan tsakuwa maimakon siminti, an sami daɓe mai shan ruwa wanda birkila zai iya ɗagawa ya gyara. Auna aikinsa ma ba ya bukatar na'ura mai tsada: zobe mai faɗin santimita 30 ake mannawa a kan daɓen, a zuba ruwan da aka san adadinsa, a duba agogo a ga daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya shanye. Sai a auna a watan Oktoba da ruwa ya ɗauke, a sake aunawa a wuri ɗaya a watan Mayu kafin ruwan farko, bambancin da ke tsakanin awon biyu shi zai nuna sau nawa za a riƙa share daɓen a shekara da kuma abin da sharar za ta ci.